Madubin Likita: Teburi Mai Inji Ko Na Hannu?

Kun saba jin mu a kan taki da iri da kiwon kaji. A wannan fitowa kuwa za mu ba ku labarin wata shawara da ta sha kanmu a Tudun Wada, cikin garin Gusau, domin mun san akwai ikilisiyoyi da dama masu ƙananan ɗakunan shan magani, kuma wata rana irin wannan shawara za ta zo gabansu.

Yadda maganar ta taso

Bayan kaka, 'yan'uwa daga Gusau da Tsafe da Bungudu suka haɗa baikon godiya domin a saya wa ɗakin shan maganinmu sabon madubin likita, watau na'urar da ake duba jini da majina da fitsari da ita. Tsohon ya gaji, idonsa ya yi hazo. Wasu suka kawo dawa, wasu masara, wasu waken soya. Zumuntar Mata suka tatsi man gyaɗa, suka yi ƙuli-ƙuli, suka sayar. Kuɗin gumi ne, babu ko kwabo da ya zo a sauƙaƙe.

Ana cikin haka sai ga wani mai sayar da kayan asibiti ya zo da littafin hotuna. Ya nuna wa kwamiti wani madubi wanda teburinsa yake tafiya da kansa. Ya ce, "Ranku ya daɗe, wannan shi ne na zamani. Ana latsa maɓalli, gilashi ya ruga daga wannan gefe zuwa wancan kafin ƙiftawar ido. Layin marasa lafiya zai ƙare kafin azahar." Kuɗinsa ya fi abin da ke hannunmu nesa ba kusa ba, amma ya ce za a iya biya kashi-kashi.

Kwamiti ya rabu biyu. Samari suka ce kada kullum a bar mu a baya. Ma'aji ya yi shiru, ya sunkuyar da kai. Daga nan uwar Zumuntar Mata ta dube mu ta ce, "Malam, ku da kuke yawo kuna koya mana auna gona kafin sayen taki, ku je ku auno mana wannan ma." Muka ce, "To, Mama, mun ji." Muka ɗauki agogo da littafi da fensir, muka zauna kwana 3 a ɗakin gwaji tare da malamin da yake aikin. Abin da muka koya shi ne za mu faɗa muku.

Mene ne teburin madubi?

Madubin likita yana da idanu iri biyu. Akwai na sama, inda mutum yake leƙawa, yana ƙara girman abu sau 10. Akwai na ƙasa, kusa da abin da ake dubawa, yawanci guda 4 ne a jere a kan wani abu mai juyawa: mai sau 4, mai sau 10, mai sau 40, da mai sau 100. In an haɗa na sama da na ƙasa mafi ƙarfi, abu yana ƙaruwa sau 1,000. Ido mai sau 100 ba ya aiki sai an ɗiga wani mai na musamman tsakaninsa da gilashi.

Jinin da za a duba ana shafa shi a kan ɗan falon gilashi, tsawonsa milimita 75, faɗinsa 25. Faifan da ake ɗora gilashin a kai shi ne muke kira teburi. A madubin da aka saba da shi, teburin yana da 'yan hannuwa biyu a gefe. In ka murza ɗaya, gilashi ya yi dama ko hagu. In ka murza ɗayan, ya yi gaba ko baya. Teburi mai inji kuwa, an sa masa ƙananan injuna biyu na lantarki a maimakon yatsun mutum, kuma kwamfuta ce take ba su umurni. Bambancin ke nan.

Ƙanƙantar abin da ake nema

Kafin a gane maganar sauri, sai a san girman abin da ake farauta. A raba milimita ɗaya kashi 1,000, kashi ɗaya shi ake kira maikiron. Jar ƙwayar jini faɗinta maikiron 7 zuwa 8 ne. Ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, sa'ad da take ƙarama cikin jini kamar zobe, ba ta wuce maikiron 1 zuwa 2 ba. Ƙwayar tarin fuka tsawonta 2 zuwa 4. Ƙwan tsutsar tsargiya shi ne babba a cikinsu, ya haura maikiron 100.

Ba jiya aka fara ganin waɗannan abubuwa ba. Wani mai sayar da yadi a garin Delft na ƙasar Holan, sunansa Antonie van Leeuwenhoek, shi ne ya ga ƙananan halittu cikin ruwa a shekarun 1670, da madubin da ya ƙera da hannunsa. A 1880 wani likitan sojan Faransa, Alphonse Laveran, ya ga ƙwayar zazzaɓi cikin jinin wani soja a Aljeriya. A 1882 Robert Koch ya bayyana ƙwayar tarin fuka a Jamus. A 1897 Ronald Ross ya ga ƙwayar zazzaɓi a cikin sauro a Indiya. Rinin Giemsa, wanda ake rina jini da shi har yau a ɗakunan gwajinmu, tun 1904 yake. Dukan waɗannan mutane da yatsunsu suka motsa gilashi.

Ina lokaci yake tafiya?

In mutum ya leƙa ta ido mai sau 100, yana ganin wani zagayen haske. Wannan zagaye shi ake kira fili ɗaya. Ko da yake yana da faɗi a ido, a kan gilashi faɗinsa kashi ɗaya ne cikin biyar na milimita, ko ƙasa da haka kaɗan. Ka'idar Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ita ce, kada a ce babu ƙwayar zazzaɓi cikin jini sai an duba fili 100 ko fiye. Haka ma a majinar mai tari.

To, ga lissafi. Fili 100 a jere, kowane kashi ɗaya cikin biyar na milimita, duka-duka milimita 20 ne, watau santimita 2. Bai kai inci ɗaya ba. Iyakar tafiyar da teburi zai yi ke nan domin mutum ɗaya. A ce injin yana gudun milimita 50 cikin daƙiƙa ɗaya, zai gama wannan tafiya kafin rabin daƙiƙa. Amma mai dubawa yana bukatar minti 5 ko fiye kafin ya bi filayen nan 100 da idonsa, yana tsayawa a kowane, yana gyara saiti, yana rarrabe ƙwayar cuta da ɗigon rini ko ƙura. Injin ba ya rage masa ko fili ɗaya.

Sauran lokacin kuma tun kafin gilashi ya hau teburi yake tafiya. Sai an rubuta suna da lamba, an huda yatsa, an shafa jini, an jira ya bushe. Rinin gaggawa yana ɗaukar wajen minti 10. Rinin da aka tsinka sosai, wanda ake yi wa gilasai da yawa gaba ɗaya, yana kai minti 45 zuwa awa ɗaya. Sai a ɗauraye, a sake jira ya bushe. Cikin kwana 3 da muka yi, mun ga malamin yana jiran gilashi ya bushe, mun gan shi yana neman ruwa mai kyau, mun gan shi ya tsaya cik domin an ɗauke wuta. Ko sau ɗaya ba mu ga teburi ya sa shi jira ba.

Sai muka tuna da aikin noma. Mutumin da gonarsa take bayan gidansa, in ya sayi babur domin zuwa gona, babur ɗin ba zai yi masa shuka ba, ba zai yi masa noma ba. Kunya nawa ce, kunya nawa ce, dole fartanya ta bi kowace.

Ido ma yana gajiya. Saboda haka masu tsara yaƙi da tarin fuka suka ba da shawara kada mutum ɗaya ya wuce gilashi 20 zuwa 25 na majina a yini. In layi ya yi tsawo a watan Agusta zuwa Oktoba, lokacin da zazzaɓi yake yawa, maganinsa mai dubawa na biyu ne da madubi na biyu.

Abin da ke cikin kuskure

Kada wani ya ce wannan maganar ƙarfe ce kawai. Rahoton Ƙungiyar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na masu zazzaɓin cizon sauro a duniya a Nijeriya suke. Tun 2010 ƙungiyar ta ce kada a ba da maganin zazzaɓi sai an gwada jini. Dalili kuwa, ba kowane zafin jiki ne na sauro ba. Yaro zai iya zuwa da zafin jiki alhali ciwon haƙarƙari ne, ko taifot, ko sanƙarau. Mu a nan ba mu manta da sanƙarau da ya ɓulla a jihar Zamfara a ƙarshen 2016 ba, ya bazu zuwa wasu jihohi a 2017, ya kashe mutum fiye da 1,000 a ƙasar nan.

In rini ya lalace, ko madubi ya yi hazo, mai dubawa zai ga ɗigon datti ya ce zazzaɓi ne. A ba uwa magani ta koma ƙauye, cutar gaskiya kuwa tana nan tana ci. Ko kuma ƙwayar tana nan, bai gan ta ba, a sallami yaro hannu banza. Duka biyun rai ne a ciki. Saboda haka abin da ɗakin gwaji zai fara nema shi ne amsa ta gaskiya. Sauri yana biye.

Inda teburi mai inji yake da amfani

Ba mu ce abin banza ne ba. Yana da wurinsa. Amfaninsa yana fitowa ne sa'ad da aka haɗa shi da abu 3: na'urar ɗaukar hoto, da injin da yake gyara saiti sama da ƙasa, da kwamfuta mai iya karanta hotunan ko aika su. A nan aikin ya bar idon mutum ya koma hannun na'ura. Teburi ya matsa, ya tsaya, a ɗauki hoto, ya sake matsawa, har a gama gilashi, ko da babu kowa a ɗakin.

Tsargiya misali ce mai kyau. Duk wanda ya san yaranmu da suke wanka da kamun kifi a Kogin Sakkwato, wanda ya ratsa ta Gusau da Bungudu, ko a hanyoyin ruwan madatsar Bakolori, ya san fitsarin jini. Ana karɓar fitsari tsakanin ƙarfe 10 na safe da ƙarfe 2 na rana, a tace mililita 10, sa'an nan a bi matacin gaba ɗaya ana ƙirga ƙwai. In makaranta guda za a duba, yara ɗari-ɗari, aikin yana da gajiyarwa, ƙwan kuma babba ne, na'ura tana iya gane shi. Masana a jami'ar fasaha ta Delft, garin Leeuwenhoek ɗin nan, sun ƙera wani madubi mai tafiya da kansa domin wannan aiki, suna kiransa Schistoscope, an kuwa gwada shi a nan Nijeriya, aka buga sakamakon a 2022. A jami'ar Bath ta Ingila an fito da wani mai suna OpenFlexure, jikinsa na roba, da ƙananan injuna masu araha, an yi aiki da shi tare da cibiyar binciken lafiya ta Ifakara a Tanzaniya. Akwai kuma waɗanda aka yi domin zazzaɓi, kamar EasyScan GO da miLab. Duka waɗannan a haɗe suke zuwa, da teburi da hoto da kwamfuta. Abin da aka kawo mana talla kuwa teburi ne da akwatin sarrafa shi kawai.

Tambayoyin da za a yi wa mai sayarwa

In babban asibiti ne ko makaranta, aka ga lalle ana bukatar teburi mai inji, ga abin da muka koya ya kamata a tambaya.

Na ɗaya, kada a tambayi gudunsa. A tambayi lokacin da yake ɗauka daga wannan fili zuwa na gaba har ya natsu. Teburi in ya tsaya yakan ɗan yi rawa, kamar ruwa cikin tulu in an sauke shi, hoto kuwa ba ya kyau sai rawar ta kwanta. Ga lissafinsa. Wuri mai faɗin santimita ɗaya da tsawon santimita ɗaya, in za a ɗauke shi da ido mai sau 100, layi 50 ne, kowane layi hoto 50, watau hoto 2,500. In kowace tsayawa daƙiƙa ɗaya ce, an ci minti 40 da ɗoriya. In rabin daƙiƙa ce, minti 20 da kaɗan. A nan saurin yake.

Na biyu, a tambaya ko yana komawa daidai inda ya baro. In an ga abu, aka wuce, aka ce ya koma, kuskuren maikiron kaɗan ya isa a rasa ƙwayar zazzaɓi. Teburin da yake tafiya a kan dogon kusa mai zare yakan yi ɗan lako-lako in ya juya baya. Masu kyau suna da ma'auni a jikinsu wanda yake faɗa wa kwamfuta ainihin inda suke.

Na uku, a tambaya ko akwai injin saiti. A ido mai sau 100, kaurin wurin da yake fitowa sarai bai kai maikiron ɗaya ba. Gilashi kuma ba ya kwanciya daidai wa daida. In teburi yana gudu, saiti kuwa sai da hannu, ba a rage kome ba.

Na huɗu, a tambaya ko ya dace da madubin da ake da shi, kuma ko za a iya motsa shi da hannu ranar da injin ya tsaya.

Na biyar, a tambaya wane ne zai gyara shi, daga ina zai zo, kwana nawa kayan gyara za su yi a hanya. Kowa ya san halin da hanyar Gusau zuwa Funtuwa ta Tsafe ta shiga saboda 'yan bindiga. Ba kowane makaniki ne zai yarda ya taso daga Kano ko Kaduna domin ɗan ɗakin shan magani ba.

Na shida, a tuna da ƙura da wuta. Ƙurar hunturu tana shiga ko'ina, in ta haɗu da man inji ta zama kamar yashi a kan ƙarfe. Wuta mai hawa da sauka kuma tana ƙona akwatin sarrafawa.

Na bakwai, kada a biya sai an kawo shi an gwada da gilasan da malaminku ya rina da hannunsa.

Abin da muka yanke

Muka kai wa kwamiti lissafinmu. Wani saurayi ya ce, "Malam, ashe ke nan har abada da hannu za mu yi ta yi?" Dattijon da yake shugabantar zaman ya amsa masa ya ce, "Ɗana, sannu ba ta hana zuwa. Mu sayi abin da za mu iya riƙewa, mu koyi aikinsa sosai tukuna." Fasto kuma ya tuna mana da misalin da Ubangiji ya bayar na mai son yin gini, wanda ya kamata ya zauna ya yi lissafi kafin ya sa harsashi.

Aka sayi madubi mai idon leƙawa biyu, da teburin hannu mai laushin murzawa, da fitila irin ta LED wadda ba ta cin wuta. Aka haɗa masa ɗan faifan hasken rana da batir, domin kada aiki ya tsaya in an ɗauke wuta. Ragowar kuɗin aka sa a rinin Giemsa mai kyau, da ƙwayoyin da ake jefawa cikin ruwa domin daidaita shi, da man madubi na gaske, da sababbin gilasai, da takardar goge idon madubi. Aka ajiye katunan gwajin gaggawa domin dare da ranakun cunkoso, tun da suna ba da amsa cikin minti 15 zuwa 20. Madubi kuma shi yake faɗar irin ƙwayar da yawanta. Aka kuma yi alkawari za a taimaka wa wata yarinya daga cikinmu ta koyi aikin, tun da ga kwalejin horar da ma'aikatan lafiya nan kusa a Tsafe.

Game da masu tari, yanzu gwajin farko na injin GeneXpert ne, wanda Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2010, ana kuwa aika majina zuwa manyan asibitoci inda yake. Madubi yana taimako wajen bin mai shan magani, a ga ko ƙwayar tana ƙarewa cikin watanni 6 na jiyya. Maganin kyauta ne. Duk wanda tari ya kama shi mako 2 bai bari ba, a kai shi a duba.

Kula da madubi

Ga masu madubi a hannu, waɗannan ba sa bukatar kuɗi mai yawa. A goge mai daga ido mai sau 100 kullum bayan aiki, da takardarsa, kada a yi da gefen riga ko auduga. Kada mai ya taɓa ido mai sau 40. A rufe madubi da mayafinsa in ba a aiki, musamman da hunturu. Da damina kuma a sa shi cikin akwati tare da ƙwayoyin shan laima, domin fumfuna tana tsiro a kan idon madubi, in ta ci shi kuwa ba ya gyaruwa. A ɗauke shi da hannu biyu. Kada a bari wanda bai koya ba ya kwance shi. Kowane wata a ware gilasai kaɗan, waɗanda aka ce akwai cuta da waɗanda aka ce babu, a kai wa wani gwani a babban asibiti ya sake dubawa. Ta haka malaminku zai san ko idonsa yana nan daidai.

Muna roƙon kwamitocin lafiya na ikilisiyoyinmu, kafin ku sayi kowane irin inji, ko na asibiti ne ko na gona, ku sa mutum ya zauna da agogo ya ga inda aikin yake tsayawa. Ku sa kuɗinku a wurin. In kuna da tambaya, ku tare mu a zagayenmu na ƙauyuka, ko ku aiko ta hannun mai bishararku. Muna godiya ga duk wanda ya kawo mudu ɗaya na hatsi domin wannan aiki. Ku riƙa tunawa da ma'aikatan ɗakunan gwaji cikin addu'a, gama amsar da suke rubutawa a ɗan guntun takarda ita likita yake bi. Ubangiji ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya kuma ba ƙasarmu salama. Amin.